Darasi na 7: Haɗewar Waya a Mota, Gano Ta da Gyara Ta

A darasin da ya wuce mun koyi auna batir da sanin ko altaneta na caji. Yau za mu shiga aikin da ya fi cin lokacin mai wayarin, ya kuma fi haɗa shi rigima da masu motoci. Mota ce take ƙona fiyus ɗaya bayan ɗaya, ko a ji ƙaurin roba daga ƙarƙashin dashbod, ko a ajiye ta lafiya da dare a wayi gari batir ko fitila ba ya iya kunnawa. Sau da yawa tushen abin guda ne: waya mai wuta ta taɓa inda bai kamata ba. A gareji ana cewa shot, direbobi kuma su ce waya ta haɗe.

Hanyar da wuta ke bi

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. In ya cika yana hutawa zai nuna kusan 12.6, in inji na aiki kuma altaneta kan ɗaga shi zuwa wajen 14. Manyan motoci irin tirela da tifa yawanci bolt 24 suke, batir biyu a jere, amma duk abin da za mu faɗa a nan ya shafe su.

Wuta na fitowa daga kan batir mai alamar +, ta bi waya zuwa akwatin fiyus, ta ratsa fiyus, ta ratsa makunni, sannan ta isa abin da za ta yi wa aiki, ƙwan fitila ne, ko hon, ko fanka. Daga nan ba a ja mata wata doguwar wayar komawa batir ba. Ƙarfen motar da kansa shi ne hanyar komawa, domin kan batir mai alamar − an ɗaure shi da bodi da inji da kakkaurar waya. Saboda haka duk ƙarfen da ka gani a mota, daga ƙofa zuwa salansa zuwa ƙafar kujera, ɓangaren batir ne. Wayoyi masu wuta kuwa a jikin wannan ƙarfe suke kwance tun daga gaba har baya, ba abin da ya raba su da shi sai 'yar robar da aka lulluɓe su da ita, wadda a ƙananan wayoyi kaurinta bai kai milimita 1 ba. Ranar da robar ta goge, ko ta narke, ko ɓera ya gwaguye ta, wuta ta samu yanke. Ba za ta tsaya zuwa ƙwan fitila ba, nan take za ta faɗa bodi ta koma batir.

Me ya sa yanken ke da haɗari? Wani malamin kimiyya Bajamushe mai suna Georg Ohm ya wallafa ƙa'idar a 1827: yawan wutar da ke gudana, wato amfiya, shi ne bolt a raba da turjiyar hanya, wadda ake aunawa da om. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 yana jan kusan amfiya 4.6, domin siririn zaren da ke cikinsa yana turje wa wuta. Ƙwan birki mai wat 21 bai kai amfiya 2 ba. To, a ce waya ta taɓa bodi, turjiyar hanyar gaba ɗaya ta koma om 0.1. Raba 12 da 0.1, ka samu amfiya 120. Batir kuwa ba zai ƙi bayarwa ba, tun da ya saba ba wa kik ɗaruruwan amfiya duk safiya. Zafin waya kuma ba daidai da wuta yake hawa ba. In wuta ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Wayar da aka yi don amfiya 5, in 120 ta bi ta, zafinta ya haura ninki 500. Cikin 'yan daƙiƙu roba ta narke, ta narkar da ta maƙwabta, kafet ya kama.

Fiyus

Don hana wannan aka sa fiyus. Ɗan siririn ƙarfe ne da aka ƙera musamman don ya riga waya narkewa. Irin mai ƙafa biyu da jikin roba mai launi da muke gani a yawancin motoci, kamfanin Littelfuse na Amurka ne ya fito da shi a 1976, launin kuma ba ado ba ne. Mai amfiya 10 ja ne, mai 15 shuɗi, mai 20 rawaya, mai 25 fari garai-garai, mai 30 kore, mai 7.5 ruwan ƙasa. Lambar tana rubuce a kansa, murfin akwatin kuma yana nuna wane rami ke ɗaukar wace lamba. Yawancin motoci akwati biyu gare su, ɗaya kusa da batir, ɗaya a ciki wajen gwiwar direba.

Ga abin da ya kamata ya zauna maka daram: lambar fiyus an zaɓe ta ne gwargwadon kaurin wayar da ke bayansa. Wanda ya ga mai 10 na ƙonewa ya cusa mai 30, bai ƙara wa waya ƙarfi ba, ya ba ta izinin ɗaukar ninki uku na abin da aka shirya mata. Wanda ya nannaɗa silin waya a ƙafafun fiyus, ko ya cusa takardar azurfa ta kwalin sigari, shi kuma ya cire tsaron gaba ɗaya. Yanzu wuri mafi rauni a layin ba ya cikin akwati inda hannu ke kaiwa, yana can cikin damin wayoyi bayan dashbod, kuma can zai ƙone. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ana yin haka sosai a bakin hanya don a sallami direba mai sauri, kuma direban kan tafi yana godiya. Kada ka yi, ko mai mota ya roƙe ka.

Ƙonannen fiyus ma yana da labari, in ka ɗaga shi wajen haske. In cikinsa ya yi baƙi, ƙarfen ya fashe ya watsu, wuta mai yawa ce ta bi shi lokaci guda, alamar waya ta taɓa bodi kai tsaye. In ƙarfen ya ɗan tsinke ne a tsakiya ba baƙi, wannan ya fi kama da nauyi: kaya sun yi wa layin yawa, ko wata na'ura mai juyawa ta cije. Fankar lagireto da ta yi tauri, ko injin waifa da ake tilasta wa share busasshen gilashi, ko injin ɗaga gilashin ƙofa da ƙurar hunturu ta cika wa hanya, duk suna jan wuta fiye da ƙima ba tare da wata waya ta haɗe ba. In kuwa robar fiyus ce ta narke amma ƙarfen na nan lafiya, ramin ne ya saki, ƙafafun ba sa kamawa da kyau, wurin yana zafi. Matsala uku ke nan daban-daban, ka rarrabe su tun kafin ka kwance kusa ko ɗaya.

Tambayi mai mota tukuna

Rabin aikin a bakin mai mota yake, sai dai ba zai faɗa ba sai an tambaye shi. "Ranka ya daɗe, wane aiki aka yi mata na ƙarshe?" Wannan tambaya ta fi mita saurin kai ka wurin. An sa sabuwar rediyo, an ƙara sifika a but, an ɗaura fitilu masu haske a gaba, an sa na'urar bin sawun mota, mai gyaran bodi ya cire bamba ya mayar, mai walda ya yi aiki a ƙasa. Wayar da kamfani ya shimfiɗa takan yi shekaru ba ta ce uffan ba, inda hannun mutum ya taɓa daga baya nan ake fara dubawa. Motocin da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu sun fi kowa wannan ciwo, domin an yanke wayoyin dashbod masu yawa an yi musu ƙari, kuma ba kowane ƙari aka yi da tsoron Allah ba.

Tambaya ta biyu: yaushe fiyus ɗin ke ƙonewa? In yana ƙonewa da zarar an cusa shi, mota a kashe, matsalar na tsakanin fiyus da makunni, ko a layin da ba ya rabuwa da wuta, kamar fitilar rufin ciki. In sai an murɗa makulli, layin da makulli ke ba wa wuta ne. In sai an taka birki ko an sa ribas ko an danna hon, to bayan wannan makunnin take, ka rage wa kanka hanya mai yawa. In sai an faɗa rami ko an sha kwana ko an buɗe ƙofa, waya ce da ta goge tana lilo, tana taɓawa tana saki. In sai da damina ko bayan an wanke inji, ruwa ne ke shiga wani soket ko gidan fitila.

Ƙwan fitila a madadin fiyus

Wasu kan sayi fiyus guda goma, su yi ta sawa suna ƙonawa suna neman sa'a. Ba ka buƙatar haka. Ɗauki ƙonannen fiyus ɗin, ka liƙa waya ɗaya a kowace ƙafa tasa ta sama, ka haɗa wayoyin biyu da ƙwan fitilar gaba mai wat 55. Ka bar wayoyin su yi tsawo yadda za ka iya rataye ƙwan inda za ka hango shi daga bayan mota. Cusa wannan a ramin fiyus ɗin da ke ƙonewa.

Hikimar ita ce, yanzu duk wutar da za ta shiga layin sai ta ratsa ƙwan, shi kuwa ba zai bar fiye da kusan amfiya 4.6 su wuce ba, komai munin haɗewar. Waya ba za ta ƙone ba, kana da lokacin bincike a tsanake. In waya na taɓa bodi, ƙwan zai kama tar kamar an haɗa shi da batir. Da zarar ka raba inda ta taɓa, zai dushe ko ya mutu. A layin da fiyus ɗinsa ƙarami ne, mai 5 ko 7.5, yi amfani da ƙwan birki mai wat 21. Ka kula, ƙwan 55 na zafi ƙwarai. Kada ka ajiye shi a kujera ko kafet, in ba haka ba kai za ka tayar da gobarar da kake gudu.

Bari mu bi misali. An kawo maka Corolla, da an kunna ƙananan fitilu sai fiyus mai rubutun TAIL ya tafi. Ka cusa ƙwanka, ka kunna, ya kama tar. Kafin ka taɓa komai, lissafa duk abin da ke cin wuta daga wannan fiyus: fitilun baya biyu, ƙananan fitilun gaba biyu, fitilun lamba, a wasu motoci har da hasken dashbod. In kana da taswirar wayoyin motar, ta hutar da kai. In babu, cire fiyus ka ga abin da ya mutu, shi ne jerinka.

Sai ka bi su ɗaya-ɗaya kana zare soket, idonka na kan ƙwan. Ka zare na fitilar baya ta hagu, yana nan tar. Ta dama, haka. Na gaba, haka. Wanda ka zare kada ka mayar tukuna, ka bar shi a zare har ka gama zagaye, domin in wurare biyu ne suka haɗe, mayarwa za ta ruɗa ka. In ƙwan ya mutu a daidai lokacin da ka zare wani soket, laifin yana cikin abin da ka zare: gidan ƙwai ya yi tsatsa ko ya narke, ko ruwa ya kwanta a ciki, ko an cusa ƙwai ba irin na wurin ba. In ka zare komai amma yana nan tar, ba na'ura ba ce, waya ce da kanta, a wani wuri tsakanin akwati da ƙarshen mota.

A nan ne mai gaggawa kan ɗauki reza ya fara farke damin wayoyi tun daga gaba. Kai kada ka yi. Damin da ke zuwa baya ba guda ɗaya ba ne miƙaƙƙe, yana da manyan soket a hanya, galibi a gefen ƙafar direba ko ta fasinja, bayan robar da ke rufe wurin. Zare wanda ke kai wuta baya. In ƙwan ya mutu, matsalar na baya, ka manta da gaba gaba ɗaya. In bai mutu ba, tana gaba. Da zarewa ɗaya ka yar da rabin mota. Rabin da ya rage ka sake raba shi biyu in akwai wani soket, haka har wurin ya rage ɗan kaɗan.

Sannan ka sa hannu. Bi damin kana motsa shi, kana lanƙwasawa a hankali, wani na duba maka ƙwan. Inda ka taɓa ya yi ƙyaftawa, nan ne. A misalinmu, ka ɗaga murfin but sai ƙwan ya dushe, ka sauke ya dawo tar. Wayar fitilar lamba tana bin ƙarfen da murfin ke lanƙwasawa a kai, an buɗe an rufe shekara da shekaru, roba ta tsage, jan ƙarfen ciki na gogar bodi.

Wuraren da waya ke gogewa ba su da yawa, kuma kusan su ne dai a kowace mota. Duk inda dami ke lanƙwasawa kullum, wato bututun roba da ke tsakanin ƙofa da bodi, da na murfin but. Duk inda waya ta ratsa ramin ƙarfe, musamman bangon da ya raba inji da cikin mota, in robar bakin ramin ta fita. Ƙarƙashin kujera, inda ƙarfen ja-gaba-ja-baya ke danne waya. Kusa da salansa, inda zafi ke gasa roba har ta farfashe. Sai inda aka ɗaura kusa ta huda dami ba a sani ba. Kafin duk waɗannan ma, in fiyus ɗin ramin caja ne ke ƙonewa, leƙa cikin ramin da tocila. Kwabo, ko guntun ƙarfen da ya ɓalle daga cajar waya mai araha, ya sha sa mutane kwance dashbod a banza.

Da mita

Ana iya yin binciken da mita ma, amma da sharaɗi. Cire kan batir na −, cire fiyus, sa mita a ma'aunin om, tsinke ɗaya a ƙafar ramin da ke fita zuwa kaya, ɗaya a ƙarfen bodi mai tsabta. In ta nuna kusan sifili, akwai hanya zuwa bodi. Sai dai ga tarkon da ke kama sababbin hannu: zaren ƙwan fitila in yana sanyi turjiyarsa kaɗan ce ƙwarai, kusan kashi ɗaya cikin goma na yadda take in ya yi zafi. Ƙwan wat 21 a sanyi bai kai om 1 ba. In ƙwai huɗu ko biyar na kan layi, mita za ta yi ƙara kamar waya ta haɗe alhali lafiyarta ƙalau. Don haka sai ka zare dukan kaya kafin ka yarda da abin da ta faɗa. A ganina ƙwan fitila ya fi mita a wannan aiki, domin da wuta yake gwadawa, kuma ido ya fi saurin kama ƙyaftawarsa a kan lambobin da ke tsalle.

In waya ta taɓa 'yar'uwarta

Ba kullum bodi waya ke taɓawa ba. Wani lokaci wayoyi biyu ne a dami ɗaya suka narke suka manne, wutar wannan ta tsallaka layin wancan. Fiyus ba lalle ya ƙone ba, sai dai mota ta riƙa abin mamaki: ka taka birki hasken dashbod ya kama, ko ka zare makulli fanka ta ƙi tsayawa. Kafin ka zargi dami, duba ƙwan baya mai zare biyu, na wat 21 da 5. In zare ɗaya ya tsinke ya kwanta a kan ɗayan, ko an cusa ƙwai mai gindi ɗaya a gidan mai gindi biyu, haka za ka gani. Duba kuma wayar da ke ɗaure gidan fitilar da bodi. In ta saki ko ta yi tsatsa, wuta kan rasa hanyar komawa ta bi ta cikin wani ƙwan, sai ka sa sigina ka ga fitilun baya duka suna lumshewa tare. Wannan ba haɗewa ba ce, kankare wurin da ɗaure kusa kawai yake so.

Batirin da ke mutuwa cikin dare

Wannan ɗan'uwan shot ne, ko da yake sau da yawa ba waya ce ta goge ba, wani abu ne ya ƙi kashewa. Mota ko a kashe take tana shan 'yar wuta don agogo da ƙwaƙwalwarta, abin da bai kamata ya wuce kusan amfiya 0.05 ba. Fitilar but guda mai wat 5 da ta ƙi mutuwa tana jan amfiya 0.4, wato kusan 10 a awa 24. Batir mai lamba 60 a jikinsa, kwana uku ya isa ya cinye rabinsa.

Don aunawa, kashe komai, zare makulli, mayar da jan tsinken mita ramin da aka rubuta 10A, cire kan batir na −, ka sa mita tsakanin kan batir da wayar da ka cire. Motocin zamani ba sa yin barci nan take, ka ba su rabin awa, wasu har fiye, ƙofofi a rufe. In lambar ta ƙi sauka, zare fiyus ɗaya-ɗaya har ta faɗi, ka gane layin. In ka zare duka tana nan, saura biyu: wani abu da aka ja wa waya kai tsaye daga batir, ko altaneta da ta lalace a ciki tana tsotsar wuta ta baya. Muddin mita na wurin kada a buga kik, za ta ƙone. In ka gama kuma ka mayar da tsinken raminsa na bolt, domin wanda ya manta ya ɗora ta a kan batir haka, shi ya haɗa shot da hannunsa.

Tun da muna maganar altaneta: al'adar nan ta cire kan batir inji na aiki don a ga ko tana caji, ka bar ta. A tsohuwar mota marar kwamfuta an sha da ita, a ta yanzu wutar kan yi tsalle ta kashe ƙwaƙwalwar mota, kuɗinta kuwa ya ninka na mita sau da yawa.

Gyara

Kafin ka yanke ko ka liƙe komai, cire kan batir na − tukuna, kuma shi ne na ƙarshe wajen mayarwa. Dalili: in ka fara da na + sifana ta taɓa bodi, ka haɗa shot mafi muni, wanda babu fiyus a gabansa. Cire zobe da agogon ƙarfe. Batir kuma yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa, ba a son tartsatsi ko sigari kusa da shi.

In robar ce kawai ta goge, silin ciki na nan cif ba su canja launi ba, rufewa ta isa. In sun tsittsinke ko sun yi baƙi, yanke wurin har sai ka kai inda jan ƙarfen ke ƙyalli, ka sa guntu mai kauri daidai da na asali ko fiye, ba ƙasa ba. Ka yi amfani da wayar mota mai sili da yawa. Wayar wutar gida mai ƙwaya ɗaya ba ta jure girgiza, karyewa take. A kasuwa akwai waya mai araha da cikinta alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, in ka kankare sili da wuƙa ka ga fari, ajiye musu kayansu. Haka fiyus: na jabu yakan ƙi ƙonewa a lambarsa, wanda ya fi rashinsa haɗari tun da kana zaton akwai tsaro.

Murɗa wayoyi da hannu a nannaɗe da baƙin salatif ba gyara ba ne. Da zafin Maris da Afrilu gam ɗin ke narkewa, salatif ya zame, aiki ya dawo sabo. Ka liƙe da dalma, ko ka matse da mahaɗin ƙarfe da filayarsa, sannan ka rufe da bututun roba mai tsukewa da zafi. Ka tuna zura bututun kafin ka haɗa. In wayoyi da yawa za ka haɗa a wuri ɗaya, kada mahaɗansu su jeru kafaɗa da kafaɗa, ka gocar da su.

In waya ta yi zafi har ta narke, farke damin ka bi ta tsawonta duka, domin ba inda ta taɓa kaɗai ta ƙone ba, kuma maƙwabtanta ma sun sha. Daga ƙarshe gyara abin da ya jawo: mayar da robar bakin rami, ɗaure damin nesa da salansa, ba shi sarari inda yake lanƙwasawa. In ka bar wannan, an kashe maciji ba a sare kai ba. Duk sabon abin da za ka ƙara wa mota kuma, ba shi fiyus nasa kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya, domin wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai tsaronta.

Akwai wayoyin da ba na ɗan koyo ba ne. Masu rawayan soket ko rawayan lulluɓi na jakar iska ne, wutar fitilar gwaji ko ta mita na iya fasa ta a fuskarka. Wayoyi biyu sirara da aka tufka tare galibi saƙon kwamfutocin mota suke ɗauka, ba a cusa musu wuta ko ƙwai. Kauraran wayoyi ruwan lemo a motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin Prius, suna ɗauke da fiye da bolt 200, suna kisa. In bincikenka ya kai ka ɗaya daga cikin waɗannan, tsaya ka kira wanda ya koye su.

In kuwa kana cikin aiki hayaƙi ya tashi, kashe makulli, cire kan batir na −. Shi ya sa ake barin sifana mai lamba 10 a kusa, kan batir ɗin kuma a sassauce yayin gwaji. In wuta ta riga ta kama, tukunyar kashe gobara mai gari ko yashi. In a cikin bonet take, kada ka wangale shi, iska za ka ba ta.

Aikin yi

Kowane rukuni ya haɗa ƙwan gwajinsa da ƙonannen fiyus ya kawo aji. A kan allon katako za a shimfiɗa batir, fiyus mai 10, makunni da ƙwai uku masu wat 5, da faffaɗan ƙarfe a madadin bodi. Malami zai ɓoye haɗewa a wani wuri, rukunin da ya gano ta ba tare da ya ƙona fiyus ko ɗaya ba shi ya ci.

A littafinka kuma ka amsa waɗannan. Direba ya ƙara fitilu biyu masu wat 100 kowanne a layin da fiyus ɗinsa 10 ne. Amfiya nawa za su ja, me zai faru, kuma me za ka ce masa in ya nemi ka sa mai 30? Wata mota fiyus ɗin gilashin ƙofa ba ya ƙonewa sai in an buɗe ƙofar direba. Ina za ka fara dubawa, kuma da me?